Asalin Ƙungiyar Kano Pillars da Nasarorinta

Duk wanda ya ratsa ƙasar Ungogo da kaka, bayan an girbe gero an yanke dawa, zai tarar da samari sun share wani gefen gona, sun kafa kara biyu nan, biyu can, suna buga tamaula har magariba. Daga Fanisau zuwa Rangaza, daga Bachirawa zuwa Rijiyar Zaki, in ka tambaye su ƙungiyar da suke bi a gida, amsa guda za su ba ka, su ce, "Sai Masu Gida!" Wannan shi ne kirarin Kano Pillars. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana inda ƙungiyar nan ta samo tushe, da abin da ta ƙulla tun kafuwarta, da kuma abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi cikin labarinta.

Wasan ƙwallon ƙafa baƙo ne a ƙasar Hausa. Wasanninmu na gado su ne kokawa da dambe da langa da sukuwa. Ƙwallo kuwa Turawa ta biyo, ta sauka bakin teku tukuna, sa'an nan ta hauro Arewa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, sai ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni suka yi ta zuwa daga Kudu, aka yanka musu Sabon Gari. Su da soja da 'yan makaranta su ne suka fara buga ta a nan. 'Ya'yan birni da na ƙauye suka tsaya kallo, daga kallo sai sha'awa, daga sha'awa sai shiga.

Cikin 1945 aka sa Kofin Gwamna a Ikko, watau kofin nan da daga baya aka riƙa kira Kofin Ƙalubale. Shekara takwas ana yi, ƙungiyoyin Ikko kaɗai ke cinye shi, Marine da Railway da sauransu. Cikin 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka tafi can, suka ka da Lagos Dynamos da ci 2 da 1, suka taho da kofin. Ran nan ne ya fara barin Ikko. Amma a nan akwai wurin lura. Waɗansu masu jera sunaye sukan rubuta wannan nasara da sunan Kano Pillars. Abin da ya tabbata shi ne, tawagar garin Kano ce ta ci, ita kuwa ƙungiyar da muke zance sai bayan shekara 37 aka kafa ta. Gado ne ta tarar, kamar yadda ɗa kan tarar da gonar uba.

Bayan wannan sai zamanin Raccah Rovers. Raccah sunan wani gidan attajirai ne, mutanen Tarabulus, waɗanda suka shahara a Kano wajen sayen gyaɗa. Ashe ke nan gyaɗar da manoman ƙasar Kano suka yi ta kai wa sikeli tana da hannu cikin tarihin ƙwallo, ko da yake su manoman ba su nufa ba. An soma gasar ƙasa baki ɗaya cikin 1972. Cikin 1977 Raccah Rovers ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, IICC ta Ibadan ta rinjaye ta. Shekara na zagayowa, 1978, ta cinye gasar ƙasa.  Daga baya sunan Raccah Rovers ya dushe, Kano ta zauna da ƙananan ƙungiyoyi, kowace ba ta isa ta yi gaba da manyan Kudu ita kaɗai ba.

Cikin 1990 aka buɗe gasar 'yan sana'a a Nijeriya, watau wadda ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo ita ce aikinsa, a yi yarjejeniya da shi a rubuce, a biya shi albashi. Wannan sabon tsari yana bukatar kuɗi da fili da shugabanci tsayayye. Sai masu kula da wasanni a Jihar Kano, cikinsu har da Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallo ta ƙasa, suka ga dabara ita ce a haɗa ƙarfi wuri guda. Aka tattara ƙungiyoyi uku. Ta farko WRECA, ta hukumar nan mai gina madatsun ruwa a Jihar Kano. Ta biyu Bank of the North, ta bankin nan na Arewa mai hedkwata a Kano. Ta uku Kano Golden Stars. Aka narka su, aka fid da guda, aka raɗa mata Kano Pillars, ma'ana ginshiƙan Kano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnatin jiha ita ce uwar ƙungiya, ita ke ci da ita.

Ba ta daɗe ba ta nuna alama. Cikin 1991, tana da shekara guda, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ka da ita. Daga nan aka shiga shekarun faɗi-tashi, yau a ci, gobe a sha kashi, amma 'yan wasa na kirki suka yi ta fitowa daga cikinta, kamar su Abiodun Baruwa mai tsaron gida, da Ahmed Garba wanda ake wa laƙabi Yaro Yaro, da Sani Kaita. Filin wasa na Ƙofar Mata, mai sunan Sani Abacha, ya zama gidanta. A wannan fili aka buga waɗansu wasannin gasar matasa ta duniya cikin 1999, da na Kofin Afirka cikin 2000.

Sai da aka shekara 18 kāna haƙuri ya biya. Cikin 2008, a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana, Pillars ta cinye gasar ƙasa, shekara 30 cif bayan Raccah Rovers. Wannan ya buɗe mata ƙofar gasar zakarun Afirka ta 2009. Aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin, kuma babu wadda ta kai ta yawan cinsa. Aka yi 1 da 1 a nan gida, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Da aka je Alƙahira sai aka tashi 2 da 2. Bisa ga dokar wancan lokaci, in an yi kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawa shi ke wucewa. Saboda haka Pillars ta wuce, Al Ahly ta fita. Ta ci gaba har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta.

Cikin kakar 2010 wani yaro, Ahmed Musa, ya ci mata ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, daga nan ya wuce ƙasar Holan, ya zama abin da ya zama. Sa'an nan aka zo shekarun da tauraronta ya fi haske: 2012, 2013, 2014, sau uku a jere tana cinye gasar ƙasa, biyun farko a hannun Baba Ganaru, ta ukun a hannun Okey Emordi. Kafin ita, Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne suka taɓa yin haka. A wannan zamani ne sunan Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, da na Gambo Muhammad suka cika gari. Har wa yau, tun daga 2003 babu ƙungiyar da ta ci ta a gida cikin gasar ƙasa, sai cikin Agusta 2015 da Nasarawa United ta karya wannan lago. A nan kirarin Masu Gida ya sami hujjarsa.

Kofin Ƙalubale ne ya daɗe yana gagararta. Cikin 2018 a Asaba ta yi gaba da Enugu Rangers da ci 3 ba ko ɗaya, Rangers ta farke duka, ta kuma rinjaya a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Cikin 2019 a Kaduna aka juya, Pillars ta ka da Niger Tornadoes ta wannan hanya, kofin ya komo Kano bayan shekara 66.

To, mai tarihi ba maroƙi ba ne, wajibi ne ya faɗi ɗaya gefen. Ƙarfin Pillars jama'arta ne, talakawan birni da na kewaye, waɗanda kan baro kasuwa da gona su cika fili. Amma wannan ƙauna in ta wuce kima takan koma ɓarna. Cikin 2022 hargitsi a wuraren wasa ya jawo aka ci ƙungiyar tara, aka zabge mata maki, a ƙarshen kaka ta gangara rukuni na biyu. Ta komo cikin 2023. Abu na biyu kuma, ƙungiyar da ke jiran baitulmalin gwamnati tana cikin hatsari, gama gwamnati takan sake, abin da ta sa gaba shi ma ya sake.

Waɗanda suka haɗa ƙungiyoyi uku cikin 1990 sun bar wa Kano abin da ya rayu fiye da bankin da ya ba da kashi ɗaya cikin ukun, gama Bank of the North ya narke cikin Unity Bank tun 2006. Saura aikin na baya: su nema mata hanyar samun kuɗi ta kanta, su riƙa zuwa gonakin Ungogo da makamantansu neman yara tun suna ƙanana, su kuma koya wa 'yan kallo cewa mai gida na ƙwarai ba ya jifan baƙonsa. Allah ya sa a gane, amin.