Ɗibar Jini ta Bututun Jijiya: Abin da Mai Jinya Zai Lura da Shi

Idan ka taɓa zaman jinya a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, ko a sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a shekarar 2005, ka ga siririn bututun roba da ake sa wa majinyaci a jijiya. Ta nan ake ƙarin ruwa da magani. Wani lokaci ta nan ake ɗibar jini don gwaji, domin a rage wa majinyaci zafin tsira allura.

Sai dai bututun nan ƙofa ce zuwa cikin jini. Idan aka yi sakaci, ƙwayoyin cuta suna iya bi ta nan. Haka kuma jinin da ya gauraya da ruwan ƙari yakan ba da sakamakon da ba daidai ba, har a ba da maganin da bai dace ba.

Matakan da ma'aikacin jinya yake bi

1. Ya tabbatar da sunan majinyaci.
2. Ya wanke hannu da sabulu, daƙiƙa 40 zuwa 60, ya sa safar hannu.
3. Ya tsayar da ƙarin ruwa aƙalla minti 2.
4. Ya goge bakin bututun da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bari ya bushe.
5. Ya zubar da jinin farko, saboda gauraye yake.
6. Ya ja jinin gwaji a hankali da sabon sirinji. Ja da ƙarfi yana fasa ƙwayoyin jini.
7. Ya rubuta suna a kan kwalbar nan take.
8. Ya wanke bututun da ruwan gishiri na asibiti, kada jini ya daskare a ciki.
9. Ya jefa sirinjin cikin akwatin da aka tanada.

Naka aikin

Kada ka taɓa bakin bututun, kada ka bari ya jiƙe. Idan ka ga kumburi, ko ja, ko mugunya, ko majinyaci ya fara zazzaɓi da makyarkyata, sanar da ma'aikaci nan da nan. Idan ba a buɗe sirinji a gabanka ba, ka tambaya cikin ladabi. Sirinjin da aka maimaita yana yaɗa ciwon hanta da cutar sida. Tambaya hakkinka ce.