Famfon da Ya Mutu, Kurkunun da Ya Ƙare

A wani lungu na Unguwar Rimi, ta wajen gangaren kogin Kaduna, akwai famfon tuƙa-tuƙa da yara suka mayar abin lilo. Allon da aka kafa ranar bikin buɗe shi yana nan daram, da sunan masu taimakon da suka biya kuɗin. Ruwan ne dai babu. 'Yan ga-ruwa na wucewa ta gabansa da kurarsu, ko kallonsa ba sa yi.

Irin wannan famfo yana da tarihi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 a matsayin shekarun samar da ruwan sha da tsaftar muhalli, kuɗin agaji ya kwararo Afirka. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI, ita ma ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara. Abin da ake rubutawa a rahoto a lokacin shi ne rijiyoyi nawa aka haƙa. Nawa ne ke ba da ruwa bayan shekara biyu, wannan ba ya cikin lissafi.

Famfon da ya fi yawa, India Mark II, yana da ƙarfi, amma silindarsa tana can ƙasan rijiya. In robar ciki ta cinye, sai an zaro bututun gaba ɗaya, da kayan aiki masu nauyi da gwanayen da ba a ƙauyen suke ba. Kasafin aikin kuwa ya ƙare tun ranar biki. Allon yana ɗauke da sunan mai bayarwa, ba sunan mai gyara.

A cikin waɗannan shekarun aka fara wani aikin agaji da ya bi wata hanya. A 1986 Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta ɗaura yaƙi da kurkunu. Matasan yau ba su san shi ba, amma dattawa sun sani: mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan kamar shekara tsutsa mai kai tsawon mita ɗaya ta ɓullo masa a ƙafa, a dinga naɗe ta a tsinke kullum kaɗan-kaɗan. A Arewa da damina yake kwantar da mutane, daidai lokacin noma. Ba shi da magani, ba shi da rigakafi.

Da Najeriya ta kafa shirinta a 1988, ba da haƙa rijiya aka fara ba. An fara da ƙidaya, ƙauye-ƙauye, aka sami masu cutar sama da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Daga nan kowane ƙauye aka zaɓi ɗan sa-kai daga cikin mutanensa. Shi ke raba ƙyallen tace ruwa, ya ɗaure wa mai ciwo ƙafa, ya hana shi tsoma ta a tafki, ya rubuta a littafi. Duk wata mai duba aiki ya zo ya karɓi lissafi. Rijiyoyin da UNICEF da wasu suka haƙa, sai aka dinga neman a kai su inda littafin ya nuna cutar take. A ganina wannan littafin ya yi aikin da injin haƙa bai yi ba.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Daga 1996 zuwa 1999 adadin ya cije a wajen 12,000 zuwa 13,000 da ɗoriya a shekara. Amma da yake ana ƙirga marasa lafiya ne, ba a iya ɓoye cijewar ba. A nan Janar Yakubu Gowon ya shigo, yana zuwa ƙauyukan da kansa, yana karɓar alkawarin rijiya daga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, ya kuma komo ya tambayi inda aka kwana.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya a Nuwamban 2008, a Jihar Inugu. Ko da haka ba a rufe littafin ba. An ci gaba da sa ido, da tukuici ga duk wanda ya kawo labarin mai cutar, har shekara biyar. A Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da kurkunu, ita da Nijar a lokaci guda.