Sabo da Magani: Karatun da Ɓeraye Suka Biya Mana

Mu da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a ɗakunan gwaji muna hidimar ilimin farfaɗiya, mun gaji wata mas'ala daga magabatanmu wadda har yau ba a rufe babinta ba. Asalinta kuwa, a 1955 Leo Sternbach na kamfanin Roche a Amurka ya haɗa maganin farko na dangin benzodiyazefin, aka fitar da Valium a 1963, sa'an nan a 1965 Henri Gastaut a Faransa ya ba da shaida cewa allurar Valium tana yanke farfaɗiyar da ta ƙi lafawa, har likitoci suka yi zaton an dace da waraka. Amma da aka shiga ba majinyata kullum, sai fa'idarsa ta riƙa dusashewa, alhali ba a rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Ɓera ne ya warware mana shubuhar. A 1967 Graham Goddard a Kanada ya nuna cewa idan aka riƙa taɓa ƙwaƙwalwar ɓera da ɗan lantarki kaɗan kowace rana, yau da gobe sai farfaɗiya ta kafu. Ronald Racine kuma ya kasa tsananinta daraja 5 a 1972. Ba na manta wani farin ɓera da na yi wa allurar maganin a makon farko, aka sakar masa lantarki, ya ci gaba da shinshina kejinsa kamar ba a yi kome ba. Da makonni suka shuɗe, da wannan ma'auni dai, ya miƙe bisa ƙafafun baya, hannuwansa na karkarwa, ya faɗi.

Dalilin dusashewar ya fara bayyana bayan 1977, da aka gano mazaunin maganin a ƙwaƙwalwa, inda yake ƙarfafa GABA, sinadarin da ke yi wa jijiyoyi linzami. A 1984 Dorothy Gallager da abokan aikinta suka tabbatar cewa dawwama a kan maganin tana sa jijiyoyin su rage jin wannan linzami. Daga baya, a 1997, Kapur da Macdonald suka nuna cewa ita kanta farfaɗiyar, idan ta ɗauki mintuna masu yawa, tana raunana maganin.

Saboda haka wasiyyata ga masu tasowa ita ce su riƙi wannan magani riƙon ruwan kashe gobara: a gaggauta shi lokacin larura, a yi tsimin sa ranar lafiya, wanda kuma ya riga ya saba da shi a janye masa sannu a hankali, domin yanke shi farat ɗaya kan tayar da ciwon da ake gudu.