Daga Malamin Ayari Zuwa Kwamfuta: Tarihin Lissafin Fatauci a Ƙasar Illo



An nemi in yi magana a kan yadda ake adana bayanan ciniki da yadda ake nazarinsu. Na ga ya fi kyau in ɗauki wuri guda in bi tarihinsa, domin a ga abin a aikace. Wurin kuwa shi ne ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda kogin Kwara ya shigo Nijeriya, inda kuma garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya suke maƙwabtaka da Jamhuriyar Binin. Tambayar da zan bi ita ce: a kowane zamani, wa yake rubuta lissafin kayan da ke ƙetare wannan ƙasa, kuma don amfanin wa?

Zamanin fatake

A ƙarni na goma sha tara Illo tana cikin mashigan da fataken goro ke ƙetare Kwara a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya haye kogi, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sa'an nan ya sauka Salga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara guda. Ana tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, a komo da goro.

Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da lissafi. Madugu shi ke yin ciniki da sarakunan hanya a kan garama, da masu jirage a kan kuɗin fito, sa'an nan a raba abin da aka biya a kan fatake, kowa gwargwadon kayansa. Akwai ma'auni da kowa ya yarda da su: goro ɗari shi ne ƙwarya, wuri dubu ashirin shi ne keso. A cikin ayari akwai malami mai rubutu, wanda ban da addu'a da zaɓen ranar tashi, yakan rubuta wasiƙu da abin da aka kashe. A zango kuma akwai fatoma, watau mai masauki, wanda ke ajiye kayan baƙo, ya samo masa dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Musulunci ma ya ƙarfafa wannan, don kuwa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Abin lura a nan shi ne, wannan lissafi na fatake ne, su suka ƙaga shi don kansu. Falke yana gaya wa madugu gaskiyar kayansa saboda da madugun zai tsira daga 'yan fashi, kuma fatoman da ya san amanarsa shi zai ba shi bashi baɗi. Rauninsa ɗaya ne: yawancinsa a ka yake, in fatoma ya rasu sai ya tafi da saninsa.

Zuwan iyaka da littafin kwastan

A ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a Paris suka raba ƙasar Bargu. Aka ce iyaka za ta taɓa Kwara a wani wuri mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Illo ta faɗo wa Ingilishi, Nikki ta tafi ga Faransawa, aka kuma tabbatar da layin da wata yarjejeniya cikin 1906. Daga baya aka haɗa Illo da masarautar Gwandu. Ta haka dangi suka wayi gari a ƙasashe biyu, kasuwannin da suka saba ci tare suka zama na gwamnatoci biyu.

Gwamna Lugga ya sa wa ayari haraji, biyar bisa ɗari na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa larduna uku. Aka kafa wuraren karɓa, aka zaunar da akawu da babban littafi, yana rubuta sunan falke da irin kayansa da abin da ya biya. Ta haka cinikin wannan yanki ya shiga jadawali mai layi-layi, wanda ake tarawa a aika wa Razdan. Amma littafin na mai karɓa ne. Falke ba ya samun kome daga gare shi sai raguwar jarinsa, saboda haka ya koyi rage ƙidaya da bin hanyar daji. An soke harajin cikin 1907, amma ɗabi'ar da ya haifar ta zauna. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko ya hau jirgi, hanyar Illo ta yi sanyi.

Bayan samun mulkin kai

Cikin 1960 Nijeriya da Dahome suka sami mulkin kai, Dahome kuma ta sauya suna zuwa Binin cikin 1975, shekarar da aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko. Sai ga kuɗi iri biyu, naira da sefa, da tsarin haraji iri biyu. Nijeriya tana hana shigo da wasu kaya ko ta tsawwala musu kuɗin fito, Binin kuwa tana barinsu su sauka a Kwatano da sauƙi. Shinkafa da atamfa da gwanjo da motoci suna shigowa, man fetur yana fita. Mafi yawan wannan bai taɓa shiga littafin kowa ba.

A daidai wannan zamani ne ilmin adana bayanai ya sauya a duniya. Cikin 1970 wani masani na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya fito da tsarin da yawancin rumbunan bayanai ke bi har yau. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Maimakon littafi guda da ake ta maimaita sunan mutum a kowane shafi, sai a yi jadawali dabam-dabam: ɗaya na 'yan kasuwa, kowa da lambarsa, ɗaya na kaya, kowane iri da lambarsa, ɗaya na fito, mai nuna wane ne ya ƙetare da mene ne, yaushe, ta wace ƙofa. Lambobin su ke haɗa jadawalan. Da haka ma'aikaci zai iya tambayar kwamfuta buhun albasa nawa ya fita ta ƙofa kaza a watan kaza na shekara biyar, ta amsa masa nan take, aikin da dā zai ci akawu makonni. Cikin 1981 hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara tsara manhajar ASYCUDA don ofisoshin kwastan, bisa buƙatar ECOWAS. Kwastan ta Nijeriya ta yi aiki da ita, sa'an nan ta koma NICIS, cikin 2024 kuma ta fara gwada tata manhajar mai suna B'Odogwu.

Abin da nazari ya tona

Amfanin tara bayanai shi ne a gwama su. Alal misali, a 2016 Nijeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Cikin 2017 da 2018 sai aka ga Binin, ƙasar da yawan jama'arta bai kai na Jihar Kano ba, tana sahun gaba a masu sayen shinkafar Tailan, kuma galibinta turararriya ce, irin da 'yan Nijeriya suka fi ci. Littafin Nijeriya bai nuna shigowarta ba, amma littafin Binin da na Tailan sun nuna inda ta nufa.

Haka nan kuma cikin 2011 hukumar ƙididdiga ta Binin ta aika ma'aikata suka zauna a ƙananan mashigai fiye da ɗari, suna ƙidaya kayan da ke wucewa ba tare da karɓar ko sisi ba. Suka tarar abin da ke shiga Nijeriya ba rajista ya ninka na rajista sau da yawa. Suka kuma tarar akwai amfanin gona mai yawa a ciki, wanda doka ba ta hana ba. Watau mutane sun faɗi gaskiya da suka tabbata mai tambaya ba haraji ya zo karɓa ba.

A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Sai Disamba 2020 aka fara buɗe wasu ƙofofin, ta Kamba kuwa, maƙwabciyar Bagudo, sai Afrilu 2022. An auna wannan mataki da shinkafa da fetur. Manomin Lolo mai kai hatsinsa kasuwar ƙetare, da masuncin Kwara, da Bafulatanin Ka'oje mai kora shanu, ba su cikin jadawalin da aka duba, amma su ma ƙofar ta rufe a kansu.

Kammalawa

Jama'a, tarihin nan ya nuna mana abu guda. Kwamfuta ta warkar da raunin fatoma, don ba ta mantuwa kuma ba ta mutuwa da saninta. Amma abin da aka zuba mata shi take mayarwa, kuma ɗan kasuwa ba zai zuba gaskiya a rumbun da bai san shi da kome ba sai cin tara. Saboda haka ina kira ga ma'aikatanmu da su raba aikin ƙididdiga da aikin karɓar haraji, su kuma sa rajista ta zama mai amfani ga mai ita: ta gaggauta masa fito, ta rage masa tsayawa a shingen hanya, ta zama shaidar da banki zai karɓa in ya nemi rance. Ɗalibai kuwa, ga aiki yana jiranku a kasuwar Tsamiya da mashigin Illo. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa suna da littattafansu, dillalai suna da lissafi a wayoyinsu. A je a zauna da su, a nemi yardarsu, a tsara musu wannan sani ta yadda su za su fara cin moriyarsa.