Tarihin Benis a Cikin Sunayen Tsirranta

Jama'a, yau za mu leƙa kasuwar Rialto da ke Benis ta ƙasar Italiya, birnin nan da aka gina bisa ruwa, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Tun shekarar 1097 kasuwar ke ci, kuma sunayen kayan lambunta sun adana tarihin fataucin birnin.

Mu fara da kankana. Mutumin Roma "cocomero" yake ce mata, na Benis kuwa "anguria". Kalmar ta samo asali ne daga Girkancin daular Rumawa ta Gabas, inda take nufin kokwamba. Ba mamaki, domin a 1082 Sarki Aleksiyos na Ɗaya ya yafe wa fataken Benis kuɗin fito a manyan tashoshin daularsa, suka yi ta zirga-zirga har bakinsu ya saba da Girkanci.

Lemu kuma "naransa" ne. Daga Indiya sunan ya taso, Farisawa suka ce "narang", Larabawa suka ce "naranj". A daidaitaccen Italiyanci ya koma "arancia", harafin farko ya zube. Ashe karin harshen da wasu ke rainawa ya fi na makaranta riƙe asali.

Akwai wani tsiro mai ƙaya da ake cin tohon furensa, suna kiransa "articioco". Tushensa Larabci ne, "al-kharshuf", kuma gaɓarsa ta farko ita ce "al" ɗin da muke ji a albasa da alkama.

Da masara ta iso musu daga nahiyar Amurka a ƙarni na 16, sai suka raɗa mata "formenton", wato babbar alkama, wasu ƙauyuka kuma "sorgo turco", dawar Turkawa. Mu ma da Masar muka jingina ta. Da mu da su, ba wanda ya ambaci mahaifarta ta gaskiya.

Jamhuriyar Benis ta rushe a hannun Napoliyon a 1797, yankin ya shiga Italiya a 1866, daidaitaccen Italiyanci ya mamaye makaranta da ofis. Duk yaron da ya manta "naransa", ya yar da shaidar tafiyar kakanninsa zuwa Iskandariya.

Mu da ke zaune a zanguna, tsakiyar wasu harsuna, mun san wannan hali. Mu tambayi dattawanmu sunayen ganyayen miyarmu tun suna raye, mu rubuta.