Daga Marisuwa Zuwa Korona: Waiwaye Kan Yadda Annoba Ke Tsayar da Tsere

Ranar Asabar, 14 ga Maris 2020, dubban masunta suka yi dafifi a bakin kogin Matan Fada da ke Argungu, kowa da homarsa da goransa. Da lokaci ya yi suka zuba a guje, ƙura ta turnuƙe, suka afka ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin wannan gudu da idonsa ya san babu tseren jama'a da ya kama ƙafarsa a faɗin Jihar Kebbi. Rabon da a yi wannan bikin kamun kifi tun 2009, shi ya sa mutane suka yi tururuwa daga Gwandu da Yawuri da Zuru, har da maƙwabta na Nijar da Benin. Kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, kuma cikin kyautar mai shi har da kujerar Makka.

A ranar da aka buɗe bikin, 11 ga Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 17 ga wata gwamnatin tarayya ta ɗage Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka shirya a Jihar Edo, saura kwanaki kaɗan a fara. Ranar 23 ga wata aka rufe makarantu a jihohin arewa maso yamma. Aikin Hajjin shekarar ma sai mazauna Saudiyya kaɗai aka bari suka yi. Gudun Matan Fada ya zama ɗaya daga cikin manyan tarukan ƙarshe da Nijeriya ta gani kafin kulle.

A Kurgu, cikin mazaɓar Kende da Kurgu ta ƙaramar hukumar Bagudo a nan Kebbi, ba a san gudun famfalaki mai lamba a ƙirji ba. Tseren wannan yanki shi ne na yaran makaranta ranar gasar gidaje, da langa a dandali idan farin wata ya fito, da sukuwar dawaki ranar Sallah, da rige-rigen kwale-kwale a kogin Kwara, ga kuma kokawa da dambe bayan kaka. Mafi yawansu wasannin rani ne, sai amfanin gona ya shiga rumbu hankali ya kwanta. To amma ranin nan da ke ba mutane sarari, shi ne kuma lokacin da iska ke bushewa, ƙura ke tashi, sanƙarau da ƙyanda ke yawo gida-gida. Tun kaka da kakanni lokacin wasa da lokacin cuta suke faɗowa tare a wannan ƙasa.

Shekarar marisuwa

Murar da ta girgiza duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba 1918. Hukumar Turawa ta rufe makarantu da wuraren ibada a birnin, ta hana taro. Mutane suka firgita suka yi ta guduwa zuwa garuruwansu, cutar ta bi su. Ta hau jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da isa Kano ba, ta bi kwale-kwalen fatake a Kwara da Binuwai, kafin shekara ta ƙare ta game Arewa. An ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Hausawa suka kira ta marisuwa.

A Amurka, a wannan shekarar, birane biyu suka bar wa duniya darasi. Hukumomin Filadelfiya sun ƙi soke wani jerin gwano ranar 28 ga Satumba, mutum kusan 200,000 suka fito, cikin 'yan kwanaki asibitoci suka cika maƙil. Sent Luwis kuwa ta rufe makarantu da gidajen kallo da wuri, kuma yawan mace-macenta bai kai na Filadelfiya ba. Har gobe likitoci na kawo wannan misali idan ana gardamar soke taro.

Musulmin wannan yanki ba su jira Turawa sun koya musu ba. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya samu labarin annobar da tarihi ya sani da sunan Amwas. A ƙauyukanmu ma, kafin a kawar da agana daga Nijeriya a 1970, akan keɓe mai ita, a rage zirga-zirga a gidan. Ke nan janye jiki daga taro lokacin cuta yana da tushe a addini, yana da shi a al'ada.

Sanƙarau da Ebola

A ranin 1996 sanƙarau ya mamaye Arewa. Mutum fiye da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga ƙasarta, dubbai suka kwance kayansu suka koma gida. Wannan ne karon farko da mutane da yawa na zamaninmu suka ga cuta ta tare hanyar ibadar da suka shekara suna tari dominta. Sanƙarau bai bar Kebbi ba har yanzu, domin ko a Maris 2025 ya yi kisa a Gwandu da Jega da Aliero.

Ebola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli 2014 ta hannun wani matafiyi daga Laberiya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka ɗage komawa makarantu zuwa 22 ga Satumba, kuma ranar 20 ga Oktoba aka tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Duk da cutar ba ta ƙaraso Arewa ba, 'yan wasa sun ji a jikinsu. Nijeriya ta janye matasanta daga gasar Olimfik ta matasa a birnin Nanjin na ƙasar Sin, saboda yadda aka ware su ana gudunsu. Maroko ta ƙi karɓar Gasar Cin Kofin Afirka a lokacin da aka tsara a 2015, aka mayar da ita Ikwatoriyal Gini. Daga nan aka fara fahimtar cewa tsoron cuta ma kan soke wasa, ko da cutar tana nesa.

Shekarar kulle

Korona ta bambanta da duk waɗannan, domin a lokaci guda ta tsayar da masu gudu a ko'ina. Tokiyo ta yi gudun famfalakinta ranar 1 ga Maris 2020 da ƙwararru kaɗai, ta mayar da mutum kusan 38,000 gida. Boston, wadda ke tserenta tun 1897, ta ɗage shi zuwa Satumba, daga baya ta soke. A Ingila, gudun kilomita 5 na safiyar Asabar da ake kira parkrun, wanda 'yan sa kai ke shiryawa kyauta a unguwanni, ya tsaya a Maris 2020, bai dawo ba sai 24 ga Yuli 2021. Gasar Olimfik kanta sai da ta jira shekara guda.

A gida Nijeriya, Legas ta riga ta yi nata gudun yada ƙanin wani ranar 8 ga Fabrairu, kafin a gano mai cutar na farko ranar 27 ga watan. Tseren kilomita 10 na Okpekpe a Edo bai yiwu ba a 2020 da 2021. A Kano, Sarki Aminu Ado Bayero ya hau gadon sarauta a watan Maris, Sallarsa ta farko da ta biyu duka suka wuce babu Hawan Daushe, babu Hawan Nasarawa. Mahaya sun ajiye kayan doki a ɗaka, masu sayar da ciyawa da maɗinkan rawani suka yi zaman jira.

Kebbi ba ta samu mai cutar ba sai ƙarshen Afrilu, kuma adadin da aka tabbatar a jihar har annobar ta lafa bai kai dubu ɗaya ba, ko da yake gwajin ma bai yi yawa ba. Saboda haka mutane da dama a karkara suka riƙa cewa ciwon manya ne, na masu hawa jirgi. Wanda aka hana wa ɗansa gudun da ya yi wata biyu yana shiri, alhali bai ga ko mutum ɗaya kwance a garinsu ba, dole ransa ya sosu. Ban ga laifinsa ba. Sai dai labarin Kano ya isa jan kunne: ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an binne mutum 979 a 'yan makonnin mace-macen watan Afrilu, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da korona. Mafi yawansu dattawa ne, irin waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma a sahun gaba ranar wasa.

Daga baya bincike ya nuna cewa cutar ta fi yaɗuwa a ɗaki rufaffe fiye da fili mai iska. Wannan ya sa wasu ke ganin an yi gaggawar hana gudu. Amma wanda ya san yadda taronmu yake, ya san haɗarin yana kewaye da filin. Yana cikin motar da aka cusa mutum ashirin, da kwale-kwalen fito, da ɗakin ajin da baƙi ke kwana jere, da moɗar ruwa ɗaya da ke zagaya bakuna, da cincirindon da ke rufe wanda ya zo na ɗaya ana ɗaga shi sama. A Maris 2020 babu allurar rigakafi, babu tabbataccen magani, wuraren gwaji kuma 'yan ƙalilan ne. A irin wannan hali ɗage taro shi ne daidai, kuma da za a sake komawa wannan rana, shawarar da zan goyi baya ke nan.

Iyakar da ba ta raba dangi ba

Abin da ya ƙara wa Bagudo wahala shi ne zamanta a bakin iyaka da Benin. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ce ta ja layi kusa da Giris, mashigar ruwan Illo, ta bar 'yan uwa wasu nan wasu can. Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Hausawa na ɓangarorin biyu suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, daga Lolo da Tsamiya zuwa Segbana da Malanbil. Kafin korona ta zo, Nijeriya ta riga ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agusta 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Annoba ta tarar da mutanen da ciniki ya riga ya tsaya musu.

Matakan ƙasashen biyu kuma ba su zo ɗaya ba. Nijeriya ta kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, ta hana tafiya tsakanin jihohi har 1 ga Yuli. Benin ta zagaye Kwatano da garuruwan kudu da shingen lafiya, shugabanta na lokacin Patrice Talon ya ce ƙasarsa ba ta da ƙarfin tsare kowa a gida. Mutumin da ke Kurgu yana jin doka iri biyu a rediyo, ɗan uwansa na ƙetare yana bin wata, shi yana bin wata, alhali hanyar daji ɗaya ce ke haɗa su. An hana filin wasa, amma ranar kasuwa jama'a na cakuɗa, domin wanda bai fita ba ba zai ɗora tukunya ba. Irin wannan saɓani ne ya sa wasu suka daina ɗaukar maganar hukuma da nauyi. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamba 2020 babu ta Kebbi a ciki, iyakar Kamba sai Afrilu 2022.

Abin da ya dawo

Manyan tsere sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Kaduna ta shirya gudun kilomita 21 a Nuwamba 2020. Gasar Edo ta gudana a Afrilu 2021. Legas ta yi gudun famfalakinta a watan da 'yan gudu 300 kacal. Okpekpe ya dawo a 2022, a shekarar kuma Kano ta sake ganin hawan Sallah. Dukkansu suna da ofis da masu ɗaukar nauyi da ranar da aka rubuta a takarda, shi ya sa ɗagewa ba ta kashe su ba. Bikin Argungu, wanda aka fara a 1934 don ƙarfafa sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, shi ma ya yi shekaru bayan 2020 ba a yi shi ba.

Idan babban biki irin wannan zai iya yin shiru na shekaru, ina ga gasar makarantar ƙauye? Ita ba ta da kowa sai malamin wasanni da shugaban makaranta da iyayen da ke haɗa kuɗin kyaututtuka. Idan aka tsallake shekara ɗaya, aka yi wa malamin canjin wurin aiki, filin ya zama gona, shi ke nan ta tafi ba tare da wani ya yanke hukuncin kashe ta ba. Yarinyar da ta fi kowa gudu a ajinta za ta gama makaranta babu wanda ya san baiwarta.

Annoba za ta sake zuwa, ko korona ce ko sanƙarau ko wadda ba mu san sunanta ba tukuna. Roƙona ga hakimai da dagatai da limamai da shugabannin makarantu na ƙasar Bagudo shi ne, idan ta zo a ɗage taro da wuri, kuma sanarwar ta fito daga bakin waɗanda jama'a suka yarda da su, cikin harshen da suke ji. A tuntuɓi sarakunan ƙetaren iyaka domin magana ta zo ɗaya. A tuna da mai ƙosai da mai ruwan sanyi da makaɗi, waɗanda abincinsu ke rataye da ranar wasa. Sannan duk wanda ya sanar da ɗagewa, ya ɗauki alkawarin cewa shi ne zai sake tara mutane idan lafiya ta samu, ya ja layi a fili, ya busa usur yara su zuba a guje. Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.