Damon Albarn da mawaƙan Mali: sunan wa ke bisa faifan?

Tarihinmu na yau na wani mawaƙi ne ɗan Ingila, Damon Albarn. Da yawa cikinmu ba su san sunan ba, amma duk wanda ya taɓa jin waƙar "Sabali" ta Amadou da Mariam, a radiyo ko cikin mota, ya ji aikin hannunshi, don shi ya haɗa kiɗanta. Mun ɗauko shi ne saboda tambaya guda da ta shafi mawaƙanmu: in Bature mai suna ya zo ya yi aiki da makaɗan Afirka, wa ke cin riba, kuma sunan wa ake rubutawa?

An haifi Albarn a Landan a 1968. Ya yi suna ne a matsayin mawaƙin ƙungiyar Blur, masu kiɗan rok na gita da ganga. Faifansu "Parklife" na 1994 ya sa sunka zama gwanayen samarin Ingila. A watan Agusta na 1995 sunka yi gasa da ƙungiyar Oasis, kowa ya fitar da waƙa rana guda don a ga wadda za ta fi ciniki, har abin ya shiga labaran talabijin. Blur ta ci. Waƙoƙinshi na lokacin nan na Ingila ne tsantsa: unguwannin Landan, ma'aikatan ofis, hutun bakin teku. Ba wanda zai ce wanga yaro zai ƙare a Bamako.

A 1998 ya kafa Gorillaz tare da mai zane Jamie Hewlett, ƙungiyar da ƴan wasanta zanen katun ne, shi kuma yana ɓoye a baya yana gayyato mawaƙa kala-kala. Daga nan ya fara koyon ja da baya ya bar wa wani fili.

Shekarar 2000 ce ta juya mishi hanya. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta gayyace shi Mali. Ya tafi da ɗan abin busa mai madannai irin na piyano, da na'urar ɗaukar murya, ya riƙa zama da makaɗa cikin gidaje da wuraren shagali yana sauraro yana ɗauka. Cikin waɗanda ya zauna da su akwai Toumani Diabaté, gwanin kora, da Afel Bocoum, mutumin Niafunké, almajirin Ali Farka Touré, wanda ya daɗe yana aikin malamin gona. Faifan ya fito a 2002 da sunan "Mali Music". A duba yadda anka jera sunaye bisa bangon: Afel Bocoum na farko, sannan Damon Albarn, sannan Toumani Diabaté da abokai. Abu ne ƙarami a ido, amma mu da ke karanta sunayen mawaƙa a radiyo kullum mun san sunan da ke gaba shi mai sauraro ke riƙewa.

Hanya ta biyu ta bi ta Legas. A wata waƙar Blur ta 2000 Albarn ya ambaci sunan Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, wanda tare sunka gina kiɗan afrobit. Allen ya ji labari, sunka haɗu, Albarn ya yi waƙa cikin faifan Allen na 2002. A 2004 sunka je Legas sunka yi aiki a situdiyo. Daga wagga abota anka samu ƙungiyar The Good, the Bad & the Queen, da faifanta na 2007, inda Allen ke kan ganga, Paul Simonon na tsohuwar ƙungiyar The Clash ke kan gitar bas. A 2012 kuma sunka fitar da "Rocket Juice & the Moon" tare da Flea na Red Hot Chili Peppers, da Fatoumata Diawara ta Mali, da M.anifest na Gana. Abotar ta kai shekara kusan 20, har Allen ya rasu a Paris ran 30 ga Afrilu 2020.

Yanzu mu koma 2005, shekarar da ba mu mantawa a nan Nijar. Fari da fara sun cinye damanar 2004, yunwa ta shigo Maraɗi da Damagaram da Tawa, uwaye na layi da yara a cibiyoyin tamowa. A daidai wanga lokaci, ran 2 ga Yuli 2005, anka yi gagarumin wasan Live 8 a Landan da wasu manyan birane, don a matsa wa shugabannin ƙasashe 8 masu arziki su yafe wa Afirka bashi su ƙara taimako. Niyya mai kyau ce. Sai dai dandalin Landan kusan babu ɗan Afirka a kai. Da surutu ya yi yawa anka shirya wa mawaƙan Afirka nasu wasan can gefe, a yankin Cornwall, nesa da inda idon duniya yake. Albarn na cikin waɗanda sunka fito fili sunka soki abin: ya za a yi wa Afirka biki a bar masu bikin a ƙofar gida?

Bai tsaya ga suka ba. A 2006 shi da wasu abokai, ciki har da ɗan jarida Ian Birrell, sunka kafa Africa Express. Tsarin mai sauƙi ne: a kwashi mawaƙan Turai da Amurka a kai su Bamako ko Legas ko Kinshasa su zauna su yi kiɗa da mutanen wurin, sannan a hau dandali guda tare, ba wanda ke buɗe wa wani fage kamar yaron gida. A 2012 har jirgin ƙasa sunka ɗauka, cike da makaɗa, ya zagaya biranen Birtaniya.

A wagga shekara ta 2012 ne masifa ta faɗa wa arewacin Mali. Ƴan bindiga masu ikirarin jihadi sunka kama Gawo da Tumbutu da Kidal, sunka hana kiɗa. Makaɗa sunka gudu, wasu kudu, wasu ƙasashen maƙwabta. Bikin kiɗan sahara na Tumbutu ya tsaya. A watan Oktoba na 2013, lokacin da baƙi da yawa ke tsoron taka Mali, Africa Express ta sauka Bamako, ta maida wani gidan matasa na bakin kogin Kwara situdiyo na mako guda. Cikin waɗanda sunka zo gwaji akwai wasu samari ƴan arewa da rikici ya koro, masu waƙa da harshen Sonrai, ɗan uwan Zabarmancinmu. Su ne Songhoy Blues. Nick Zinner, magitan ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs ta Amurka, ya ɗauki waƙarsu "Soubour", ta shiga faifan "Maison des Jeunes". A 2015 sunka fitar da nasu faifan, "Music in Exile", da sunansu, sunka shiga zagayen duniya.

Duk wanga lokaci Albarn bai fitar da cikakken faifai da sunanshi shi kaɗai ba sai 2014, yana da shekara 46. Shi ne "Everyday Robots", faifai mai sanyi, kan yarintarshi da kuma yadda waya ta raba mutane suna zaune wuri guda. Na biyu ya zo a 2021. Mutumin da ke iya cika filin ƙwallo da sunanshi, faifai 2 kacal ya yi shi kaɗai, na haɗin gwiwa kuwa sun fi a ƙirga da yatsu. Kuma bai yar da tsoffin abokai ba. A 2020 ya sa hannu anka fitar da faifan Afel Bocoum mai suna "Lindé", shekara 20 bayan haɗuwarsu. A 2023 ya yi aiki cikin "London Ko" na Fatoumata Diawara. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma sun kuma ce zumunta a ƙafa take. Wanga baƙo dai ƙafarshi ba ta ɗauke ba.

To amma kada mu maida shi waliyyi. Masu suka na cewa ko da sunan Afel na gaba, jaridun Turai labarin Albarn sunka fi rubutawa, kuma akwai gaskiya ciki. Shi yana hawa jirgi ya sauka Bamako ranar da ya ga dama, makaɗin Bamako kuwa sai ya sha wahalar biza kafin ya taka Landan. Kamfanin faifai da situdiyo da masu rabon kuɗin waƙa duk suna can wajensu. Kyawun halin mutum guda bai gyara wanga ma'auni.

Nan ne abin ya taɓo mu. Bombino na Agadas ya ƙara shiga kunnen duniya ne da faifan "Nomad" na 2013, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya ɗauka a Nashville ta Amurka. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, waƙarshi ta yi ta yawo daga waya zuwa waya cikin sahara kafin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ta ya neme shi. Ke nan ƙofar waje sau da yawa baƙo ke buɗe mana ita. Ba laifi ba ne, amma sai mun san sharaɗin da muke shiga.

Ga ƙannenmu masu gita da gurmi da masu rap, daga Maraɗi har Yamai, tarihin Albarn ya ba mu abin awo. In baƙo ya zo da na'ura, ku tambaye shi sunan wa za a sa a gaba. Ku tambayi wa zai mallaki abin da anka ɗauka, kuma a rubuta a takarda, a fassara muku kafin ku sa hannu. Ku yi rajistar waƙoƙinku a BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha. Sannan ku zuba ido ku gani ko zai dawo bayan faifan ya fito.

Toumani Diabaté ya rasu a Yuli 2024, Amadou Bagayoko kuma a Afrilu 2025. Allah ya jiƙansu da rahama. Sun bar aiki da sunansu a kai, ƴaƴansu na iya nunawa su ce ga na babanmu. Makaɗa nawa ne a garuruwanmu anka ɗauki muryarsu anka tafi da ita, ko suna ba a rubuta ba? Wanda ya san irin wanga labari a garinsu ya faɗa mana a ƙasa. Allah ya bar zumunci.